Shekara Biyu Ban Ciji Agashe Ba

A wajenmu ba da ido ake gane agashe ya nuna ba, da haƙori ake ganewa. Idan an kafa tsinkaye a yashi sun kewaye garwashi, mai ya fara tsatsowa, ƙamshin gyaɗa da yaji ya tashi, tsinken farko na mai wutar ne. Zai zare shi, ya hura sau biyu, ya kama yankan tsakiya da haƙoran gaba ya ciza sau ɗaya. In naman ya rabu ba tare da an ja da hannu ba, sai a fara sallamar mutane. In sai an ja, a mayar da shi wuta. In kuwa ya marmashe a baki, to an yi sake, wuta ta wuce gona da iri. Haka Baba ya koya mini, shi kuma haka ya koya wurin dattijon da ya ɗauke shi aiki lokacin da ya gaji da tsinkar auduga a gonakin Jazira ya shigo birnin Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum.

Agashe dai shi ne tsiren da kakanninmu suka taho da shi daga yamma, mutanen gari suka karɓa hannu bibbiyu, har wasunsu ke rantsuwa nasu ne tun asali. Ni ba na musu da su, su dai zo su saya. Wurinmu yana gefen Kasuwar Libiya, bayan layin masu barguna, kuma ba zan yi kunyar faɗa ba, duk wannan ɓangaren babu wanda ya kama ƙafarmu. Akwai direbobin masana'antun Bahri da ke tsallako gada da yamma don tsinke uku kawai.

Abin da ba mu da shi a gidanmu shi ne haƙoran kirki. Na ƙasa a cunkushe suke, wani ya hau kan wani, wani ya juya gefe, kamar fasinjojin motar haya ranar jajiberin salla. Na sama kuma sun rufe su ruf, har na ƙasan na taɓa dasashin sama in na haɗe baki. Baba haka nasa suke, kafin su zube ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya miƙa mini wuƙa da mafici ya ce ya huta, haƙora biyar ne suka rage masa, su ma ba a jere ba. Daga ranar ya daina zuwa bakin wutar.

Mun riga mun yi wa abin bayani, kuma mun gamsu da bayaninmu. Mun ce sana'ar ce ke cin haƙori: hayaƙi, yaji, da cizon nama mai zafi kullum ta Allah. Duk wanda ya tsaya bakin wuta shekara ashirin, dole ya bar mata haƙoransa. Ban taɓa jin tsoron hakan ba, har alfahari nake yi, kamar yadda maƙeri ke alfahari da tabon ƙuna a hannunsa. Tsabta kuwa ba a fi mu ba. Aswaki ba ya barin aljihuna, kowace salla sai na goge. In jini ya fito sai mu ce mugun jini ne ke fita, alhamdu lillahi, mu ƙara dannawa har ya fita sosai. Wani lokaci ma har da gishiri da garin gawayi.

Ina da shekara talatin da huɗu haƙora biyu na ƙasa suka fara motsi. Da farko da harshe kawai nake ji. Daga baya ya zama in na ciji tsinken farko sai wani zafi ya harba mini har kunne, in duba naman in ga ja a jikinsa, ba kuma jan yaji ba. Na ce a raina lokaci ya yi, amma ya yi saurin zuwa, domin Baba sai da ya haura arba'in nasa suka fara.

Matata ce ta rushe mini bayanin, kuma ba ta yi da lallashi ba, don ba ta iya ba. Muna shan shayi da safe ta ce mini bakina ya fara wari irin wanda aswaki ba ya kashewa, ta daɗe tana haƙuri. Na hau faɗa, na kawo mata zancen hayaƙi da yaji. Ta bari na gama tas, sannan ta ce:

"To yayarka fa? Yaushe ta taɓa tsayawa bakin wuta? Giɓinta uku."

Yayata ɗinki take yi a gida, ko ƙamshin agashe ba ta so, kuma haƙoranta na zubewa daidai yadda na Baba suka zube. Shekara nawa ina kallonta tana rufe baki da gefen mayafi in za ta yi dariya, ban taɓa haɗa biyu da biyu ba. Na ji haushin matata ranar, irin haushin da ake ji na mai gaskiya.

Bayan mako guda na hau mota na tsallaka Khartoum, zuwa wani asibitin haƙori da wani maƙwabcinmu ya kwatanta mini. Likitar da aka haɗa ni da ita mace ce, kuma na tabbata na girme ta. Na zauna a kujera na fara yi mata lacca a kan aswaki da larabcina na kasuwa, don kada ta ɗauka ƙazami ne ya zo. Ta saurare ni, ta ce in goge a gabanta yadda na saba. Na zaro aswakina na yi aikin gwaninta. Sai ta miƙo mini wata 'yar ƙwaya ja, ta ce in tauna in kurkure baki, ta ba ni madubi.

Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Fuskar haƙoran fari tas, inda aswaki ke bi. Amma duk lungun da wani haƙori ya hau kan wani, da bayansu, da gindinsu, ja wur. Ta ce jan nan datti ne da ya manne, ƙwayar ce ta rina shi don ya fito fili. Ta ce aswaki abu ne mai kyau, kada in daina, sai dai ba zai shiga inda babu hanya ba. Dattin da ke maƙale a lungunan shi ke kumbura dasashi, jinin da nake murnar fitarsa kuma alamar ciwo ne, kuma a ƙarƙashin dasashin ƙashin da ke riƙe haƙori yana ja da baya sannu a hankali. Ga shi kuma yadda bakina ke haɗuwa, duk nauyin cizo a kan haƙoran gaban nan yake sauka, waɗanda suka fi kowa rauni. Na tambaye ta batun hayaƙi da yaji. Ta ce ba za ta rantse suna da amfani ba, amma ba su ne ke tumɓuke mini haƙori ba.

Ta jero mini abin da za a yi ba tare da ta ɓoye komai ba. Sai an fara wanke dasashi an jira ciwon ya kwanta, watanni. Sannan a cire haƙori ɗaya na ƙasa don sauran su sami wuri. Sannan a ɗaura ƙarfe da waya, abin da suke kira takwim, kusan shekara biyu, ina zuwa duk wata ana ƙara ɗaurewa. Ƙashin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, amma wanda ya rage za a iya tsare shi in na kiyaye. A ƙarshe ta ƙara da cewa, kamar ƙaramin abu, duk tsawon lokacin ba zan ciji komai mai tauri da haƙoran gaba ba, musamman nama.

Na yi dariya har sai da ta ajiye alƙalami. Na gaya mata sana'ata, na gaya mata zancen tsinken farko. Sai ta kira ni usta, wato gwanin sana'a, ta ce:

"Ya usta, ko ka bar cizon shekara biyu, ko ya bar ka gaba ɗaya. Zaɓi naka ne."

Tun kafin motar ta sauka daga kan gada na gama zaɓa. Ni mutum ne da in na gane abu na gane shi, ba na jan ƙafa.

Baba ne bai gane ba, ko kuma ya ƙi ganewa. Na same shi a ƙofar gida kan gadon igiyarsa, na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, har da labarin jar ƙwayar. Ya ce ƙarfen baki na 'yan matan manyan unguwannin Khartoum ne masu neman miji, ba na magidanci mai 'ya'ya uku ba. Ya ce a cire lafiyayyen haƙori don a gyara marasa lafiya, wannan wane irin lissafi ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da na ce ba sana'a ce ta ci haƙoransa ba. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Wa zai ciji na farko?" ya tambaya.

Na ce zan san yadda zan yi. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, je ka yi," ya juya mini baya.

Satin farko da aka ɗaura ƙarfen na san na shigo hannu. Ko asida, tuwon dawarmu mai laushi, sai da na riƙa dama ta da miya kamar ta jariri. Wayar ta kekketa mini cikin kumatu. A kasuwa kuwa na zama abin kallo. Masu barguna suka sa mini suna mai eriya, wani ya ce in buɗe baki ya ga ko zan kamo tashar waje. Wani ya tambaye ni ko amarya zan ƙara. Ko a jikina. Na ce musu su yi dariyarsu da kyau tun suna da abin nunawa, nan da shekara goma za mu ga wanda zai riƙa rufe baki.

Tsokana ba ta dame ni ba, naman ne ya dame ni. Ɗanɗano ina iya ji, in yanki ɗan ƙarami in tura can ciki in san gishiri da yaji sun yi daidai. Amma nunar nama ta ɓace mini. Sai a lokacin na gane ashe idona bai taɓa koyon komai ba, duk ilimin a haƙori yake. Yau in sauke da wuri, gobe tsoro ya sa in bari ya bushe. Na yi dabarar kai wa matata tsinken farko gida, tunda kwana biyu kawai za ka sha ka isa ƙofarmu, ita kuma Allah ya ba ta haƙora a jere. Kullum da la'asar a gan ni ina sauri da tsinke ɗaya a hannu, masu barguna na cewa ga usta can ya tafi neman izini. Dabarar ba ta yi ba. Kafin in isa naman ya huce ya ƙanƙame, ta ciza ta ce da saura, in dawo in tarar sauran sun wuce.

Akwai wani dattijon direba daga Bahri, tun zamanin Baba yake zuwa. Wata rana ya karɓi tsinkensa uku kamar kullum, ya ci ɗaya da rabi, ya ajiye sauran a faranti, ya wanke hannu, ya yi mini sallama da fara'a ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallon farantin nan, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a karon farko tsoro ya kama ni cewa zan tsira da haƙora in rasa wurin da Baba ya gina da gumin shekara talatin. Washegari wani abokina, makanike a unguwar Alshajara, da ya ji labari, ya ce in zo garejinsu, minti biyar zai ɓalle mini ƙarafan nan da filaya in koma mutum. Da gaske yake. Na ce masa ya riƙe filayarsa ya je ya ɓalle wa mota. Ban san mafita ba a lokacin, amma na san ba ita ce wannan ba.

Ban gaya wa Baba komai ba, amma a unguwarmu labari ba ya buƙatar mai kai shi. Bayan kwana uku, ina cikin kafa tsinkaye, sai na ga inuwa a kan yashi. Baba ne, da sandarsa, shekara shida rabonsa da wurin. Bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ya jawo benci ya zauna dab da wuta, ya ce in miƙo masa na farko.

Na ɗauka wasa yake, don ba shi da abin cizo. Bai kai shi baki ba. Ya danna yankan tsakiya da babban yatsa ya saki, ya ce in kalli yadda naman ke dawowa: in ya dawo da sauri da saura, in bai dawo ba ya wuce, in ya dawo a hankali kamar ƙullun da ya tashi, shi ke nan. Ya lanƙwasa tsinken kaɗan ya nuna mini yadda zaren naman ke buɗewa a gefe. Ya ce in kasa kunne, akwai lokacin da ƙarar mai a kan garwashi ke sauyawa daga tartsatsi zuwa wani ɗan huci, wannan lokacin ne. Ya kama yatsana da hannunsa ya danna a kan nama, sau ɗaya, sau biyu, har ya ƙone ni. Kusan wata guda yana zuwa kullum, yana zaune yana gyara mini, yana faɗa in na yi kuskure. Zancen ƙarfen bakina kuwa bai sake tayar da shi ba, ko kallonsa ba ya yi. Direban Bahri ya dawo cinye tsinkensa uku.

A ɓangaren baki kuma abubuwa suka riƙa sauyawa ba tare da hayaniya ba. Likita ta ba ni wasu 'yan ƙananan burusai masu shiga tsakanin ƙarfe, na riƙa binsu lungu-lungu bayan kowane abinci, don ni in na kama abu ba na yi masa riƙon wasa. Jinin ya ɗauke. Wata safiya matata ta matso kusa tana magana, na lura ba ta kau da kai ba, na gane warin nan ya tafi. Haƙoran suka riƙa matsawa wata bayan wata, giɓin wanda aka cire ya rufe har ba ka gane wurin. Na fara tauna da ɓangare biyu, ni da tun ina saurayi da hagu kawai nake ci. Ciwon muƙamuƙin da nake tashi da shi da safe, wanda na ɗauka gajiya ce, shi ma ya tafi. Na ja yayata da ƙarfin tsiya na kai ta asibitin. Ita an ce ƙarfe ba zai yi mata ba, ƙashin ya yi nisa, amma an wanke mata dasashi an tsare abin da ya rage.

Shekara biyu da 'yan watanni aka cire. Likita ta sake ba ni jar ƙwayar bayan na goge da aswakina, na duba madubi, sai ɗan ɗigo nan da can. Haƙora biyun da suka fara motsi sun tsaya, ko da yake ta ce in riƙa tausaya musu, kuma ta ba ni wata roba da zan riƙa kwana da ita don kada su koma gidan jiya. Na tambaye ta batun nama. Ta ce cizo ɗaya a rana ba zai kashe kowa ba, amma kada in mayar da bakina wuƙa.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya riga ni zuwa, ban san wa ya gaya masa ba. Na hura wuta, na kafa tsinkaye. Da ƙarar mai ta sauya na zare na farko, na danna da yatsa, na san ya yi tun kafin in kai baki. Na hura sau biyu na ciza. Ya rabu tsaf, ba zafi, ba ja a jikinsa. Daɗi ya kama ni har na juyo zan yi wa Baba wata 'yar tsokana. Na tarar ya zuba mini ido, ba ya murmushi.

"Ba ka taɓa tambayata a ina na koyi aikin yatsa ba," ya ce.

Na ce na ɗauka wurin dattijon da ya koya masa ne. Ya girgiza kai.

"Shi haƙori kawai ya sani. Ni na koya wa kaina. Shekara bakwai na ƙarshe ba na iya cizo. In sa a baki, in juya baya kamar ina gyara garwashi, in tofar a tsumma. Kana nan tsaye kana yanka nama, ba ka taɓa gani ba."

Na lissafa a raina, na ga shekara goma sha biyar ke nan Baba bai ci agashensa ba, mutumin da rabin Omdurman ta san hannunsa. Tausayinsa ya cika mini ƙirji, na kuma ji kunyar duk ranar da na yi alfahari da cewa sana'a za ta ci haƙorana kamar yadda ta ci nasa.

Mutane sun fara taruwa, wani har ya miƙo faranti. Na ɗaga hannu zan ajiye tsinken in fara sallamarsu. Baba ya tare ni da kan sandarsa.

"Su jira," ya ce. "Zauna nan ka cinye shi duka. A hankali, ina so in gani."

Na zauna kusa da shi a kan benci na ci, yanka bayan yanka, yana kallon bakina, nasa bakin yana motsi tare da nawa.